Idan aka rufe Instagram gobe, ina masu sayar da kaya a intanet za su samu kwastomominsu?

A farkon watan Mayun 2025 labari ya bazu cewa kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya shaida wa wata kotu a Abuja cewa ala tilas zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Dalili shi ne tarar da hukumomin ƙasar uku suka ci shi, wadda jimillarta ta kai kusan dala miliyan 290.

Mafi girma a cikinta ita ce dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC ta yanka masa a watan Yulin 2024. Sauran sun fito ne daga hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC da hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON.

Ba a rufe shafukan ba, kuma suna ci gaba da aiki. Sai dai barazanar ta tayar da hankalin wasu mutane da ba su da hannu a shari'ar: matan da ke sayar da atamfa da leshi da abaya daga cikin gidajensu, masu humra da turaren wuta, masu kilishi da dambun nama, teloli da masu kayan kicin. Da yawansu ba su da shago. Shafinsu shi ne shagon.

Tambayar da ta rage tun lokacin ita ce: idan shafin ya ɓace, ta wace hanya mai sana'a zai sanar da mutanen da ya shekara biyar yana tarawa cewa yana nan kuma kaya sun iso?

Abin ya taɓa faruwa

Wannan fargaba tana da tushe. Ranar 5 ga watan Yunin 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter a Najeriya, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban. Ba a ɗage dakatarwar ba sai ranar 13 ga Janairun 2022, wato bayan wata bakwai. Wanda ya gina cinikinsa a kan Twitter dole ya koma amfani da VPN ko ya haƙura, kuma ko shi ya shiga, ba lallai kwastomominsa su shiga ba.

A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a lokaci guda a faɗin duniya, na tsawon kusan sa'a shida, saboda matsalar na'urorin kamfanin. A ranar ce mutane da dama suka fahimci cewa manhajojin uku na gida ɗaya ne. Wanda yake ganin ya raba ƙafa don yana Instagram yana kuma WhatsApp, ashe duk a hannun mai gida ɗaya yake.

A wasu ƙasashen ma haka ne. Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, lokacin da manhajar ke da masu amfani kusan miliyan 200 a ƙasar, kuma har yanzu haramcin na nan. A Amurka TikTok ya ɗauke na wasu sa'o'i a watan Janairun 2025 saboda dokar da ta nemi kamfanin ByteDance na China ya sayar da shi.

Waɗannan su ne manyan al'amura da ake ji a labarai. Abin da ya fi faruwa kullum shi ne na ɗaiɗaikun mutane: masu kutse su ƙwace shafi ta hanyar saƙon yaudara, ko manhaja ta rufe shi bisa zargin karya ƙa'ida, mai shi ya yi ta tura koke babu wanda zai yi magana da shi baki da baki.

Mabiyan ma ba duka suke gani ba

Ko ba a rufe komai ba, akwai wata matsalar. Yawan mabiya ba ya nufin yawan waɗanda ke ganin abin da aka wallafa.

A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa Facebook zai riƙa fifita saƙonnin 'yan uwa da abokai a kan na shafukan kasuwanci da kafofin yaɗa labarai. Daga baya TikTok ya zo da tsarinsa na nuna wa mutum bidiyon da na'ura ta hasaso zai so, ko yana bin mai bidiyon ko ba ya bi. Instagram da Facebook suka bi sahu.

Wannan tsari na da amfani ga sabon shiga, domin bidiyon mai mabiya 200 zai iya kaiwa ga dubban mutane a dare ɗaya. Amma ya rage wa kalmar "mabiyi" ƙima. Matar da ta bi shafin mai abaya bara don tana son kayanta za ta iya yin wata uku ba ta ga ko hoto ɗaya daga shafin ba. Idan mai shafin na son tabbacin isa gare ta, sai ta biya kuɗin talla. Da talla kamfanonin ke samun kuɗin shigarsu, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san bambancin rumfar haya da littafin kwastomomi. Mai rumfa zai iya ƙara kuɗi ko ya tashe shi, gobara ko ambaliya za su iya cin kayan. Amma sunaye da lambobin dilolinsa na Zinder da Maradi da N'Djamena suna hannunsa, duk inda ya koma zai kira su. Shafin sada zumunta rumfar haya ce. Mai sana'a ba zai iya kwashe mabiyansa na Instagram ya kai su TikTok ba, domin manhajar ba ta ba shi lambar ko mutum ɗaya daga cikinsu.

Inda imel ya bambanta

A nan ne tallata kaya ta imel ya shigo. Tsohuwar fasaha ce: a 1971 Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu, kuma a 1978 wani ma'aikacin kamfanin DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika tallar farko ga mutum ɗari huɗu ko kusa da haka. An yi ta hasashen cewa shafukan sada zumunta za su kashe imel, amma a 2021 kamfanin Intuit ya sayi Mailchimp, manhajar aika imel na talla, a kan kusan dala biliyan 12. Ba a zuba irin wannan kuɗi a kan abin da ya mutu.

Abin da ya sa imel ya daɗe shi ne babu kamfani ɗaya da ya mallake shi. Mai Gmail na iya aika wa mai Yahoo, mai Yahoo ya aika wa mai Outlook. Jerin adireshin kwastomomi kuma fayil ne kawai, mai shi zai iya sauke shi a wayarsa, ya buga shi a takarda, ko ya ɗauke shi daga Mailchimp ya kai Brevo idan farashi ya yi masa tsada.

Na biyu, saƙon da aka aika wa mutum 500 yakan nufi akwatin kowannensu. Zai iya faɗawa sashen tallace-tallace na Gmail, ko cikin tarkacen saƙonni idan ba a kiyaye ba, amma yana nan a ajiye, ana iya nemo shi bayan wata guda. Ba ya ɓacewa bayan sa'a 24 kamar sitatus.

To, wa ke buɗe imel a nan?

Wannan ita ce ƙorafin da ya fi ƙarfi, kuma gaskiya ne. Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan wannan fanni an rubuta su ne don Amurka da Turai, inda mutum ke duba imel da safe kamar yadda ake duba WhatsApp a Kano ko Yamai.

A arewacin Najeriya kusan duk mai wayar Android na da adireshin Gmail, tun da sai da shi ake sauke manhaja daga Play Store. Amma da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu, ba su san kalmar sirrin ba, ba su taɓa leƙa akwatin ba. Mai sayar da awara ko zoɓo a unguwa da ya ce zai dogara ga imel, wahala kawai zai sha.

Sai dai akwai kwastomomin da imel ya zame musu dole. Ma'aikatan gwamnati da na bankuna da ƙungiyoyin agaji suna buɗe shi kullum. Ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima sun saba da shi saboda rajistar JAMB da NYSC da neman aiki. 'Yan Najeriya da Nijar mazauna Saudiyya da Ingila da Amurka, waɗanda ke odar kilishi da yaji da ɗinkin Sallah daga gida, su ma haka. Ga kuma makarantu da otal-otal da ofisoshi, waɗanda ba sa sayen kaya sai an aika musu takardar farashi da rasit a rubuce.

Idan aka duba, waɗannan su ne masu sayen kaya da yawa kuma masu dawowa. A ce mai sayar da turaren wuta a Maiduguri na da mabiya 30,000, amma 150 ne kawai suka taɓa saye fiye da sau biyu. Rayuwar sana'arta na hannun mutum 150 ɗin nan. Ƙwai a baka, in ji Hausawa, ya fi kaza a akurki.

Saboda haka darasin da mai sana'a a nan zai ɗauka ya wuce imel shi kaɗai. Abin da yake buƙata shi ne jerin kwastomomi nasa na kansa: suna, lambar waya, imel ga mai amfani da shi, gari, abin da mutum ya saya da ranar da ya saya. Wanda ke karanta imel a bi shi ta imel. Wanda ba ya karantawa a bi shi ta WhatsApp ko tes.

WhatsApp ɗin ma na da iyaka. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda ba ya ɗaukar fiye da lamba 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa. Tashoshin WhatsApp da aka fito da su a 2023 na ɗaukar mabiya da yawa, amma mai tashar ba ya samun lambobin waɗanda ba sa cikin wayarsa. Duk wanda lambobin kwastomominsa ke cikin WhatsApp kaɗai, ranar da aka rufe layin ko aka sace wayar ya koma farko.

Yadda ake tara jerin

Ba a buƙatar shafin intanet na musamman kafin a fara. Fom ɗin Google kyauta ne, ana iya rubuta tambayoyinsa da Hausa, kuma amsoshin na taruwa da kansu a jadawali. Tun 2023 Instagram ya ba da damar sanya adireshin intanet har biyar a saman shafi, don haka fom ɗin na iya zama ɗaya daga ciki.

Lokacin da ya fi dacewa a nemi bayanin mutum shi ne lokacin ciniki. Wanda ya riga ya tura kuɗi yana jiran a kawo masa kaya ba zai ƙi bayar da imel don a aika masa rasit ba. A nan ne za a tambaye shi a fili ko yana son a riƙa sanar da shi idan sabbin kaya sun zo. Idan ya ce a'a, a aika masa rasit ɗinsa a ƙyale shi.

Mabiyin da bai taɓa saye ba kuwa sai an ba shi dalili. Tela zai iya cewa waɗanda ke cikin jerin ne za su fara samun gurbin ɗinkin Sallah kafin a sanar a shafi, kuma duk wanda ya taɓa rasa ɗinki a goman ƙarshe na azumi ya san darajar wannan. Mai kayan abinci za ta iya bayar da jadawalin girkin buɗe-baki na kwana 30. Mai atamfa zai iya aika farashin sari ga masu saro kaya kawai, abin da ba zai so ya baje a bainar jama'a ba.

Yadda imel ke ciyar da shafi

Hanyoyin biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Shafin sada zumunta ne ke kawo baƙi, jerin kuma shi ke riƙe su, sannan ya mayar da su shafin.

Manhajoji na lura da yadda mutane suka karɓi bidiyo: nawa suka kalla har ƙarshe, nawa suka yi tsokaci, nawa suka tura wa wasu. Idan mai sana'a ya sanya sabon bidiyo ya kuma aika wa kwastomominsa na gaske cewa ga shi nan, su ne suka fi yiwuwar kallo da magana, kuma wannan motsi ne ke sa manhaja ta nuna wa waɗanda ba su san shi ba.

Haka kuma ta imel ko saƙon kai-tsaye ake roƙon wanda ya sayi kaya ya turo hoto ko ya faɗi yadda ya same su. A kasuwar da ake yawan kukan an tura kuɗi kaya ba su zo ba, ko abin da ya zo ba shi aka gani a hoto ba, shaidar kwastoma ɗaya ta fi hoto goma. Amma sai da izininsa za a wallafa, musamman idan hoton mace ne ko na yara.

Ranar da shafi ya salwanta kuwa, saƙo ɗaya ya isa: an ƙwace tsohon shafinmu, kada kowa ya tura kuɗi, ga sabon. Wannan saƙon na kare kwastomomi daga ɓarawon da zai ci gaba da karɓar oda da sunan mai shafin, kuma yana dawo da mabiyan da suka fi muhimmanci cikin kwana ɗaya ko biyu.

Doka ta shigo ciki

Tara bayanan mutane amana ce, kuma yanzu akwai doka a kai. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne, tana ba shi damar janye amincewarsa duk lokacin da ya ga dama, kuma idan ya ce a daina aika masa talla dole a daina.

Tarar da ta tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manya kuwa daga naira miliyan 10 ake lissafi.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne: kwashe lambobi daga zauren WhatsApp na unguwa ko na tsofaffin ɗalibai a fara tura musu talla ba daidai ba ne. Sayen jerin adireshi daga masu tallata shi a intanet ma haka. Sanya adireshin mutum 80 a fili cikin saƙo ɗaya, kowa na ganin na kowa, fallasa bayanan mutane ne.

Kamfanonin imel su ma sun tsaurara. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka fara tilasta wa masu aika saƙonni da yawa su tabbatar da asalin adireshinsu, su kuma sanya maɓallin fita daga jeri da dannawa ɗaya. Google ya ce ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato mutum uku cikin dubu. Ƙa'idojin da suka fi tsauri sun shafi masu aika saƙo 5,000 zuwa sama a rana, amma na'urar tace saƙonni ba ta ƙyale ƙananan ba. Wanda mutane ke yawan kai ƙararsa, saƙonninsa za su riƙa zarcewa cikin tarkace, har da rasit ɗin da ake jira.

Kuɗi da iyakar abin

Farawa ba ya cin kuɗi sosai. Gmail na kyauta na barin mutum ya aika saƙo har 500 a rana, kodayake ba don talla aka yi shi ba. Brevo na bayar da saƙo 300 a rana kyauta, wanda ya ishi yawancin ƙananan sana'o'i. Idan jerin ya girma sai an biya, kuma da kuɗin waje ake lissafi, abin da ya ƙara nauyi tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Akwai kuma batun data. Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mutane na ƙara lura da abin da suke buɗewa. Saƙo gajere mai hoto ɗaya ko biyu, da farashi a rubuce da hanyar yin oda, ya fi wanda aka cika da hotuna masu nauyi. Sau ɗaya a mako ko sau biyu a wata ya wadatar. Mai aikawa kullum korar mutane yake yi.

Wajen auna nasara ma a yi hattara. Tun 2021 wayoyin Apple na da tsarin da ke sa saƙo ya nuna kamar an buɗe shi ko da ba a buɗe ba, don haka alƙaluman "waɗanda suka buɗe" ba abin dogaro ba ne. Abin ƙirgawa shi ne mutum nawa suka amsa, nawa suka yi oda.

Imel ɗin kuma ba maganin komai ba ne. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sokoto da Kaduna, babu imel babu WhatsApp babu kira. Haka lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a watan Maris na 2024, Afirka ta Yamma ta yi kwanaki tana fama. Shi ya sa kwafin jerin a takarda, a ajiye a wuri mai tsaro, bai zama tsohon yayi ba.

Abu na ƙarshe shi ne imel ɗin mai sana'ar kansa. Da shi ake dawo da shafin Instagram ko Facebook idan an yi kutse. Wanda bai san kalmar sirrin adireshin da aka buɗe masa shafi da shi ba, ko bai kunna tsaro mai mataki biyu ba, makullin shagonsa na hannun wani.

Taƙaddama tsakanin gwamnatoci da manyan kamfanonin fasaha ba ta ƙare ba, kuma babu wanda zai tuntuɓi mai sayar da humra kafin a yanke hukunci na gaba. Abin da ke hannunta shi ne ta buɗe jadawali yau, ta rubuta sunayen mutum 20 na ƙarshe da suka sayi kayanta, ta tambayi kowannensu ta inda yake so a riƙa samunsa.